Sahun Masu Kujera

Mutumin da ya kawo ni Alƙahira bai yi mako guda tare da ni ba. Alhaji muke ce masa tun daga Kano, wai dillalin 'yan ƙwallo ne, ga wayoyi biyu ga ƙamshin turare. Ya sauke ni a wani gida a unguwar Hadayik el-Ma'adi, ya ce in huta, jibi zai zo mu je kulob ɗin da ke jirana. Har yau jibin nan bai yi ba. Sai daga baya na gane cewa a shekarar, 2012, an ma dakatar da wasannin ƙwallo a ƙasar gaba ɗaya. Kowa ya sani ban da ni da na zo bugawa.

A ɗakin da ya ajiye ni, can hawa na biyar, na tarar da Sabi'u. Badamagare ne, dogo siriri, shi ma Alhajin ne ya zubar da shi a nan kafin zuwana. Da ya ji daga Kano nake, sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To alhamdu lillahi," in ji shi. "Tunda har Bakano ya faɗa hannun ɗan damfara, na daina jin kunyar kaina."

Na ce masa ai da Damagarawa aka fara gwada tarkon don a ga ko yana kamu. Daga ranar muka raba katifa ɗaya. Abin haushin kuma, lamba ɗaya muke bugawa ni da shi, tara, wato duk inda ake neman ɗayanmu ba a buƙatar ɗayan.

Shekarar farko ba na son tuna ta. Wake da gurasa safe da rana, har na fara jin warin wake a gumina. Kullum da safe mu fita wani fili mai ƙura kusa da layin jirgin ƙasa mu yi gudu, yaran unguwa suna binmu suna kiranmu da sunayen da ban san ma'anarsu ba, da na sani kuma na gwammace da ban sani ba. Mun je gwaji wurare da yawa. Wani wurin a ce mu dawo gobe, wani wurin mai gadi ma ba ya barin mu wuce ƙofa. Na yi kewar gida ƙwarai. Idan na kira Inna sai in ce mata komai lafiya lau, ana ta shirye-shirye ne, ita kuma ta ce Allah ya yi albarka, in ajiye wayar in rasa inda zan sa kaina.

Wanda ya riƙe mu a lokacin shi ne Baba Isa, tela, shagonsa na ƙasan gidanmu. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai je hajji, ya tsaya a hanya, bai ƙarasa ba bai kuma koma ba. Hausar Baba Isa irin ta mutanen da ce, da Larabci a cakuɗe. Duk Juma'a sai ya kira mu mu ci tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya a bayan kekensa na ɗinki, sannan mu shiga mota tare zuwa Abbasiyya, inda ɗaliban Hausawa suke da masallacin da suka saba taruwa da gahawa, wato shagon shayi, da suke zama bayan an idar.

Da aka dawo da wasanni, wani ƙaramin kulob na kamfani a Giza ya kira gwaji. Muka tafi ni da Sabi'u. Gurbin baƙo ɗaya ne tak suke da shi. Mai horarwar, Kaftin Magdi, dattijo ne mai furfura, yana ɗan jan ƙafar hagu idan yana tafiya, ba ya yawan magana. Ko sallah ba ya yi tare da 'yan wasa a kan ciyawa, ofishinsa yake shiga ya rufo ƙofa. Ya kalle mu kwana da kwanaki, ranar ƙarshe ya nuna ni da baki. Kulob ɗin ya yi mini iƙama, wato takardar zaman ƙasa, kuma a jikin gurbin nan take rataye. Ranar da gurbin ya fita hannuna, ranar zamana a Masar ya ƙare.

Sabi'u ya rungume ni a bakin ƙofa ya ce, "Sun ɗauki mai surutu sun bar mai ƙwallo." Amma a cikin mota taga ya yi ta kallo har muka iso gida. Ya samu aikin wankin mota, da safe kuma bai fasa gudunsa ba.

Nan fa na zama ɗan gatan Abbasiyya. Ni kaɗai ne Bahaushen da ke buga wa wani kulob a garin, ko da ƙarami ne. Ba a barin 'yan kallo shiga fili a lokacin, sai ɗaliban suka shirya da mai gadin wani bene da ke kallon filinmu, suna hawa rufin da jallabiyoyinsu da littattafansu a hammata. Ina cikin fili ina jiyo "Auwalu, buga mana" daga sama. Shugabanninsu biyu ne. Akwai Ustaz Hadi, ɗalibin fiƙihu, wanda ko ƙwallo na zubar sai ya samo mini uzuri. Akwai kuma Ɗanjuma Rediyo, ɗan Zariya, da ya shekara bakwai yana aji biyu saboda ƙwallo ta fi zama a kansa fiye da nahawu. Ɗanjuma bai taɓa taka leda ba a rayuwarsa, amma babu abin da bai sani ba.

A ƙarshen lokacin zafi na 2014 gwiwata ta tafi. Babu wanda ya taɓa ni. Na juya zan karɓi ƙwallo, ƙafar dama ta maƙale a ciyawa, na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Likita ya ce guringuntsin cikin gwiwar ne ya yage. Kulob ya biya aka yi mini aiki aka ɗinke shi. Likitan ya ja mini kunne da Larabci, ya sake ja da hannu don kada in ce ban gane ba: tafiya za ta dawo, gudu ma zai dawo, amma kada in kuskura in naɗe ƙafar in zauna a kanta sai ya ba ni izini, domin ɗinkin ba ya son matsi. Kaftin Magdi ya zo asibiti ya tsaya a kaina ya ce, "Ana buɗe rajistar 'yan wasa a Janairu. Zuwa lokacin za mu gani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan ya fita.

Sabi'u ne ya riƙa goya ni zuwa hawa na biyar. Yana haki yana cewa, "Kanawa dai ba ku da aiki sai ci, ji nauyi kamar buhun gero." Shi yake ɗaura mini ƙanƙara, shi yake raka ni wurin gashin gwiwa. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Juma'ar da na fara komawa masallacin Abbasiyya, Baba Isa ya kama hannuna ya kai ni ƙarshen sahu, jikin bango, inda aka jera fararen kujerun roba. Nan tsofaffi suke sallah, masu ciwon baya da masu ciwon sukari da waɗanda ƙafa ta gaza. Ya nuna mini ta kusa da tasa.

"Zauna nan, ɗana. Allah ya san da ciwonka."

Na zauna. Shekarata ashirin da huɗu, na dama da ni ya haura saba'in, na hagu yana tari yana tofawa a hankici. Idan aka yi sujada, duk masallacin ya kifa ƙasa, sai mu kaɗai a sama muna ɗan sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko ranar da na gane Alhaji ya gudu.

Bayan sallah aka wuce gahawa, nan kuma aka buɗe shari'ar gwiwata. Ba ranar kaɗai ba, kowace Juma'a. Ina zaune da ƙafata a miƙe a kan kujera, ana maganata kamar na mutu.

"Ni fa na gaya muku," in ji Ɗanjuma, yana juya cokali a shayi, "gwiwa ba ta da gyara. Idan ta tafi, khalas, an gama. Sai dai a yi ta lallaɓawa."

"Ka ji tsoron Allah, Ɗanjuma," in ji Ustaz Hadi. "Mutum yana tafiya da ƙafarsa ba sanda, jiya ma an ce ya yi sassarfa. Wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani."

"Ustaz, sassarfa ai ko Baba Isa zai yi idan mota za ta tsere masa. Ni gwajina ɗaya ne. Ranar da na ga Auwalu ya shiga sahu ya naɗe ƙafa ya yi zaman tahiya, ranar zan ce ya warke. Duk ɗan ƙwallon da ke sallah a kujera, an gama da shi."

Wani ya ce haka ne, a garinsu ma da zaman tahiya ake gane ɗori ya kama. Wani ya ce an yi wani ɗan wasa a Turai da aka yi wa aiki sau uku ya dawo ya fi da. Ɗanjuma ya ce wancan kuɗin ƙafarsa ya fi kuɗin Giza da kewayenta. Daga nan sai a koma kan wanda zai gaje ni. Akwai wani ɗan Ghana da ake cewa yana da gudu amma ba shi da kai. Akwai ɗan Kwaddebuwa mai ƙarfi kamar ɗan dako, sai dai an ce shekarunsa na takarda ba su ne na jikinsa ba. Sai Ɗanjuma ya nuna gefena da cokali.

"Me ya kai ku nesa? Ga Sabi'u nan. Ƙafa biyu yake bugawa, kuma gwiwoyinsa sababbi ne fil."

Sabi'u ya ƙura wa kofin shayinsa ido. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa wannan shirun nasa ya fi maganar Ɗanjuma ci mini rai. Na san yana so. Wa zai ƙi? Kusan shekara biyu yana wanke motocin mutane, iƙamarsa ta mutu tuntuni, idan ya hango ɗan sanda sai ya canza hanya. Amma daga ranar, in ya miƙo hannu zai taimaka mini a bene sai in ce ya bari, zan iya.

Ni mutum ne mai saurin fushi, ban iya haɗiye magana ba. Na sha ce wa Ɗanjuma ya je ya ci jarrabawarsa tukuna kafin ya zama likita. Sai a yi dariya, shi ma ya yi, ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, gaskiya ce ba ta da daɗi. Mako na zagayowa a ɗora daga inda aka tsaya. Har ta kai idan na shiga masallaci ina jin idanu a bayana, ana jiran a ga kujera zan nufa ko sahu. Na gaji. Na gaji da gashi, na gaji da hawa bene, na gaji da ƙaryar da nake yi wa Inna, na gaji da zama abin hira.

Ana cikin sanyin Disamba Ɗanjuma ya zo da sabon labari. Ya saba da mai wankin rigunan kulob ɗinmu, tare suke kallon wasa a wani shago.

"Na gaya masa ɗan wasansu har yanzu a kujera yake sallah," in ji shi. "Shi kuma ya kai wa Kaftin. An ce Kaftin ya tambaya har sau biyu, wai da gaske a kujera? Sannan ya gyaɗa kai."

Ustaz Hadi ya ce, "Kai kuwa me ya kai ka?"

"Hira ce ta kawo, Ustaz. Ai ba ƙarya na yi ba."

Rajista saura ƙiris. Na kwana ina ganin Kaftin yana gyaɗa kan nan, ina fassara shi. Gudu ina yi, har na fara taɓa ƙwallo, gwiwar ba ta kumburi. Likita ya ce in ƙara haƙuri kaɗan. Na ce a raina, shi likita iƙamarsa ba ta rataye a jikin kujerar roba ba. Zama ɗaya ne. In yi shi a gaban kowa, Ɗanjuma ya kwashi labari ya kai inda ya kai na farko.

Juma'ar da ta biyo, Sabi'u ya riga ni shiga ya jawo mini kujerata kusa da Baba Isa kamar yadda ya saba. Na wuce ta.

"Auwalu," ya ce a hankali, ya riƙo hannun rigata. "Likita bai ce ba tukuna."

"In kana sonta ka zauna a kai," na ce masa. "Ko ka fi son in dawwama a can?"

Ya sake ni. Na ga maganar ta shige shi, ban kuma janye ta ba. Na kutsa sahu na biyu, daidai inda Ɗanjuma zai gan ni.

Raka'ar farko na yi dabara, na sauka a kan ƙafar hagu, na ɗan karkace a zaman tsakanin sujada. Na ji tana ja amma ta riƙe. Har wani daɗi ya taso mini, goshina a ƙasa bayan wata da watanni. A ta biyu, da liman ya zauna tahiya, na ce to bismillah, yau ko ni ko ita. Na naɗe ƙafar sosai na sauke dukan nauyina a kanta yadda kowa yake yi. Ban ji ƙara ba wannan karon. Wani abu ne kawai ya saki a ciki, kamar an zare zare daga bakin zane, sai zafi ya biyo baya ya hau har ƙeyata. Ban san abin da na karanta ba. Aka yi sallama, mutane suka fara tashi, ni ina zaune. Na dafa ƙasa zan miƙe, ƙafar ta ƙi buɗewa.

Ina jin Ɗanjuma a bayana yana cewa, "Kun gani? Wallahi ya zauna. Na janye maganata, Ustaz, yaron nan ya warke."

Sabi'u ne ya gane. Ya ratso mutane ya durƙusa a gabana, ya kalli fuskata, bai tambaye ni komai ba. Ya juya mini baya ya ce, "Hau." A bayansa na fita daga masallacin, ta gaban kujerar da ya jawo mini, Baba Isa na biye da mu da takalmana a hannu. Ranar babu wanda ya je gahawa.

Likita ya duba hoton ya cire tabarau ya ajiye. Ɗinkin ya warware, yagewar ta fi ta farko. Sai an sake aiki an yanke wani ɓangare, kuma ko an yi, maganar Janairu babu ita. Ya tambaye ni faɗuwa na yi? Na ce a'a, sallah na yi. Ya daɗe yana kallona.

Bayan kwana biyu na tafi Giza da sanda. Na ce wa Sabi'u ya rako ni, ya kuma ɗauko takalmansa na ƙwallo. Ya ce na me? Na ce ya ɗauko dai. Na bar shi a bakin fili na shiga ofishin Kaftin Magdi, karo na farko da na taɓa shiga. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur da kofuna masu ƙura da taga mai kallon fili. Na gaya masa komai da guntun Larabcina. Ya saurara har na gama.

"Don me?" ya ce.

Na ce an gaya mini ya ji ina sallah a kujera, na ji tsoron zai ɗauka na gama yawo.

Ya rufe ido ya shafa furfurarsa. "Ya ibni," ya ce, wato ɗana. "Da aka ce mini kana sallah a kujera, na sake tambaya don in tabbatar. Na ce alhamdu lillahi, wannan yana da hankali, yana jin maganar likita, zai dawo. Na riga na gaya wa shugaban kulob kada a taɓa gurbinka, zan jira ka har ƙarshen kaka."

Na gaji da yawa, ko kuka ma ba zan iya ba.

"Yanzu ba zan iya jira ba," ya ce. "Ka sani."

Na ce na sani. Na nuna masa taga. Sabi'u na tsaye a bakin layi da takalma a leda, yana kallon 'yan wasa. Na ce, "Wancan dogon. Ka taɓa gwada shi tare da ni. Ya fi ni ƙafar hagu, ban dai taɓa gaya masa ba."

Kaftin ya leƙa ya daɗe yana dubansa, sannan ya buɗe taga ya kira mataimakinsa ya ce a ba dogon nan riga ya shiga. Na ga Sabi'u ya waiwayo yana neman inda nake. Na koma baya kaɗan yadda ba zai hango ni ba.

Muna nan zaune aka kira la'asar. A waje 'yan wasa suka tsaya, suka jeru a kan ciyawa, Sabi'u a ƙarshen sahu da rigar aro da ta yi masa gajarta. Na lalubi sandata zan fita in ba Kaftin wuri, tunda na san shi kaɗai yake sallarsa. Ya ce in tsaya. Ya tashi yana jan ƙafar nan tasa ta hagu, ya rufe ƙofa, ya zagaya bayan kabad ya fito da farar kujerar roba, duk ta goge don amfani, ya fuskantar da ita alƙibla.

"Shekara talatin," ya ce, ya dafa gwiwarsa. "Ni ma na yi sauri."

Sannan ya jawo wadda nake kai ya jera ta kusa da tasa, ya tayar da iƙama, muka kabbara.